Mako Uku a Gundumar Harris, Ina Bin Sawun Ruwa

Washegarin saukata Houston, a jihar Texas ta Amurka, muna gangarawa ƙarƙashin wata gada, sai na hango wani dogon allo a jikin bango, an zana masa lambobi daga ƙasa zuwa sama kamar ma'aunin tela. Na ce wa ɗan ƙanwata ya rage gudu. Ya ce, "Kawu, ai ba a tsayawa a nan." Na ce to ya gaya mini mene ne wannan. Ya ce ma'aunin ruwa ne. In aka tafka ruwan sama, kwarin da ke ƙarƙashin gadar yakan cika maƙil, sai direba ya duba allon ya ga zurfin ƙafa nawa ne kafin ya kuskura ya tura hancin motarsa. Na waiwaya ina kallon lambar ƙarshe har muka haura. Ta fi rufin motarmu nesa ba kusa ba.

Shekara 31 na yi a sashen ayyuka na wata ƙaramar hukuma a kwarin kogin Haɗeja kafin na ajiye aiki, kuma rabin rayuwata a can kwalbati ne da lambatu da jinga. Wanda ya taɓa kwana a bakin jinga da fitila a hannu yana jiran ya ga ko za ta ɓalle, duk garin da ya shiga ƙasa yake fara kallo. Don haka tun daga wannan allo na san abin da zan bi a makonni ukun da zan yi, daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba na 2023.

Da muka isa gida na ga ambulan a kan tebur an rubuta adireshinsu, da sunan Houston ɓaro-ɓaro a ƙasa. Amma yaron ya ce mini, "Kawu, mu fa ba a cikin birnin Houston muke ba." Na ce to a ina kuke? Ya ce ba a cikin kowane birni suke ba. Ba su da magajin gari, ba su da kansila, ba sa zaɓen kowa a majalisar birni. Gidan waya ne kawai ya laƙaba musu sunan. Unguwa ce cikakkiya, ga kwalta ga fitilu ga makaranta ga manyan kantuna, amma a takarda tana cikin filin da ba a shigar da shi ƙarƙashin wani gari ba. Hukumar da ke kansu kai tsaye ita ce Gundumar Harris. In ɓarawo ya shigo, motar sherif ko ta kwanstabul, wato 'yan sandan gunduma, ce za ta zo. In titi ya fashe, ofishin kwamishinan yankinsu za a kira. Mutanen da ke zaune a irin wannan hali a gundumar sun kusa miliyan biyu.

Jihar Texas tana da gundumomi 254, kuma Harris ce ta fi kowace yawan jama'a. Ƙidayar 2020 ta ba ta mutum 4,731,145, wato ta uku a duk Amurka, bayan gundumar Los Angeles da ta Cook inda Chicago take. Jihohi fiye da ashirin a ƙasar ba su kai ta yawan mutane ba. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 4,600, ya fi na jihar Legas. A cikinta akwai garuruwa 34, Houston ce babbar yayarsu da mutum miliyan 2.3, sai irin su Pasadena da Baytown, da wasu ƙanana kamar Bellaire waɗanda Houston ta kewaye su ta ko'ina amma suka riƙe magajin garinsu da 'yan sandansu. Ni da na saba da ƙaramar hukumar da ciyaman zai iya zagaye ta tsakanin hantsi da la'asar, sai da na ɗauki kwanaki kafin kaina ya ɗauki wannan lissafi.

Ƙasar kuwa shimfiɗe take kamar faifai. Kana iya tafiyar awa guda a mota ba ka hau tudu ko ɗaya ba, in ban da gadojin sama da aka ɗora wani kan wani. Tsakiyar birnin bai fi mita 15 sama da teku ba. Na sa yaron ya tsaya a wani wuri da ake haƙa harsashin gini, na ɗebo ƙasar na murza a hannu. Baƙar laka ce mai danƙo, 'yar'uwar wadda muke da ita a fadama, irin wadda ke tsagewa da rani ta kumbura da damina, ba ta shan ruwa sai da ƙyar. Abin da ke kwashe ruwan shi ne wasu rafuka masu tafiyar hawainiya da suke kira bayu: Buffalo, Brays, White Oak, Greens, Halls, Sims da sauransu. Wasu an bar su da ciyawa da itatuwa, wasu an shafe musu ciki da siminti sun koma manyan lambatu. Gaba ɗaya an kasa gundumar gida 22 bisa ga inda ruwan kowane yanki ke gangarawa, kuma tsawon magudanan ya kai kilomita 4,000. Kusan dukkansu gabas suke nufa, su zube a mashigin Galveston.

Ranar Juma'ar farko muka shiga tsakiyar birni. Mun yi salla a wani masallaci da ke cikin tsohon ginin banki na 1928, mai manyan ginshiƙan dutse. Hakeem Olajuwon, ɗan Legas ɗin nan da ya ci wa ƙungiyar ƙwallon kwando ta Houston kofi a 1994 da 1995, shi ya sayi ginin ya mai da shi masallaci. A sahun da na tsaya, na dama da ni ɗan Pakistan ne, na hagu baƙar fata ɗan ƙasa da rigar aikin asibiti. Bayan an sallame muka taka 'yar tafiya zuwa inda rafin White Oak ya haɗu da Buffalo. Nan ne mafarin garin. A 1836 wasu 'yan'uwa biyu, Augustus da John Allen, suka sayi filin suka yanka shi fuloti-fuloti, suka sa masa sunan Sam Houston, janar ɗin da ya ci sojojin Meksiko da yaƙi a San Jacinto a watan Afrilun shekarar. Ita gundumar da farko Harrisburg ake kiranta, sai a 1839 aka taƙaita zuwa Harris, don tunawa da John Richardson Harris wanda ya riga su kafa ƙauye a bakin rafin.

Na daɗe a tsaye a wurin. Ruwan jaja-jaja ne, ba ya ko motsi. A tsallake ga gidan yarin gundumar, dogon gini mai ƙananan tagogi, da dubban mutane a ciki, yawancinsu jiran shari'a suke. Na ɗaga kai na dubi tsayin gaɓar, na kwatanta yadda ruwan ya hau ya shanye titunan nan a 1929, ya sake dawowa a 1935 ya fi na da. Wannan ambaliya ta biyu ce ta sa majalisar jihar ta kafa wa gundumar hukumar yaƙi da ambaliya a 1937, wadda har yau take aiki a ƙarƙashin shugabannin gundumar. Tun ranar da aka aza tubalin farko, garin nan a bakin ruwa aka aza shi, saboda ruwan ne hanyar fitar da auduga zuwa teku.

Wani dare bayan isha na tarar da yaron da matarsa sun baje wata takarda suna lissafi. Takardar harajin gida ce, takan zo a ƙarshen shekara, a biya kafin ƙarshen Janairu. Texas ba ta karɓar harajin albashi, don haka kusan duk nauyin ƙananan hukumomi a kan gida da fili yake. Na ce su ba ni in gani. Matar ta ce, "Kawu, wannan takarda ai sai da shayi," ta tashi ta haɗo mini.

Layi-layi aka jera masu karɓa. Ga kason gundumar kanta. Ga na hukumar ambaliya daban. Ga na asibitocin gunduma, ga na tashar jiragen ruwa, ga na kwalejin yanki, ga na masu kashe gobara da motar ɗaukar marasa lafiya. Kason makarantu shi ya fi kowanne tsoka. Akwai kuma wata 'yar hukumar ruwa ta unguwarsu kaɗai, wadda ta ci bashi ta haƙa rijiyar burtsatse ta shimfiɗa bututu tun ana gina gidajen, yanzu mazauna ke biyan bashin a hankali. Irinta ɗaruruwa ne a gundumar. Kowane layi da adadinsa, kowane adadi da hukumar da za ka je ka tuhuma. In kana ganin an yi wa gidanka kuɗi fiye da kima, kana da damar ƙalubalanta, kuma yaron ya ce duk shekara sai ya yi.

Kuɗin da yawa, ban raina ba, na ga yadda fuskokinsu suka yi. Amma takardar ta burge ni ƙwarai. A inda na yi aiki, kuɗi daga sama yake gangarowa ƙarshen wata, shi ya sa idon kowa sama yake kallo. A nan daga aljihun mai gida yake fitowa, da sunansa da lambar gidansa, shi ya sa mai gidan ke ɗaga murya in lambatun ƙofarsa ya toshe. Na roƙe su hoton takardar bayan sun rufe suna da adireshi, yana cikin wayata har yanzu.

Wannan ya sa na matsa sai an kai ni inda ake raba kuɗin. Ranar wata Talata muka shiga ginin mulkin gundumar da ke titin Preston, aka bincike mu a ƙofa, muka samu kujera a baya. Majalisar sunanta Kotun Kwamishinoni, shugabarta kuma Alƙaliyar Gunduma, amma babu shari'ar da ake yi a ciki, sunaye ne da aka gada tun ƙarni na 19. Mutum biyar ne kacal. Huɗu kwamishinoni, kowanne da yankinsa mai mutum fiye da miliyan ɗaya, yana kula da tituna da gadoji da wuraren shaƙatawa na yankin. A lokacin su ne Rodney Ellis, Adrian Garcia, Tom Ramsey da Lesley Briones. Ta biyar, wadda duk gundumar ke zaɓa, a lokacin ita ce Lina Hidalgo, haifaffiyar Bogota ta ƙasar Kolombiya, wadda ta ci zaɓe a 2018 tana da shekara 27. In bala'i ya auku, ita ce kan gaba wajen ba da umarni.

Tsarin mulkin Texas na 1876 ne ya yanka wa kowace gunduma wannan riga iri ɗaya. Gundumar Loving da ke can yammacin jihar, wadda ƙidayar 2020 ta samu mutum 64 a cikinta, ita ma alƙali ɗaya ne da kwamishinoni huɗu. A ganina rigar ta yi wa Harris kaɗan. Yaya mutum ɗaya zai san kukan mutum miliyan? Sannan hannunsu a ɗaure yake ta wasu fuskoki. Sherif zaɓarsa ake yi daban, haka babban mai gabatar da ƙara, da mai karɓar haraji, da kwanstabul takwas, da alƙalai. Su biyar ɗin nan ke yanka musu kasafi, amma ba su da ikon korar ko ɗaya. Kuma dokar jiha ba ta ba gunduma ikon ta ce nan unguwar zama ce, can ta masana'antu ba. Ita kanta Houston ta shahara da rashin irin wannan doka. Ko wajen sa haraji sai huɗu daga cikin biyar sun halarta, kuma a 2022 kwamishinoni biyu sun yi ta ƙaurace wa zama har sai da adadin da masu rinjaye ke so ya faɗi.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne lokacin da aka buɗe wa jama'a baki. Duk wanda ya rubuta sunansa ana kiransa, a ba shi 'yan mintuna. Wata dattijuwa baƙar fata ta taso da sanda, ta ɗaga hoton ramin da ke gaban gidanta, ciyawa ta cinye shi, ruwa ya kwanta kore shar. Muryarta na rawa amma ba ta yi shiru ba sai da ƙararrawa ta buga. Ina zaune ina jin kamar ni ake wa magana, don na san wannan hoton, na san wannan muryar. Sau nawa irinta ta tsaya a ƙofar ofishina da mayafi a kafaɗa tana cewa ruwa ya ci mata katanga?

Maganar Harvey kuwa ba sai ka tambaya ba, kowa zai kawo maka ita da kansa. Guguwar ta sauka gaɓar Texas ranar 25 ga Agusta 2017, sannan ta tsaya cik a kan yankin tana zuba kwana huɗu. A wasu sassan gundumar ruwan da ya sauka ya haura mita ɗaya, wato fiye da abin da Kano ke samu a damina guda. Gidaje sama da 150,000 ruwa ya shiga a gundumar kaɗai.

Yaron ya kai ni garejinsa ya janye wani kwali. A jikin bango ga wani siririn layi ruwan ƙasa, daidai gwiwata. Ya ce da gangan ya ƙi shafe shi da fenti. Ya ce ruwan bai zo da ƙara ba, ta ƙarƙashin ƙofa ya sulalo da asuba, matarsa na goye da jaririya. Wani maƙwabcinsu Bature mai kamun kifi ne ya zo da ƙaramin jirginsa ya kwashe su, tare da wata tsohuwa 'yar Biyetnam da karenta, ya sauke su a bakin babban titi. Kwana uku suka yi a masallaci, don masallatai da coci-coci duk sun buɗe ƙofa a lokacin. Babbar Sallah ta faɗo ranar 1 ga Satumba, ta same su suna yanke bangon ɗaki daga ƙasa zuwa ƙugu, suna fitar da katifu da kafet suna tarawa a bakin titi. "Kawu," ya ce, "a shekarar ban yi layya ba. Warin gidan nan kaɗai ya ishe ni." Na sa yatsa na shafi layin. Na tuna a lokacin ya kira uwarsa ya ce mata lafiya lau, ruwa ne ɗan kaɗan.

Kashegari na ce ya kai ni madatsun Addicks da Barker a yammacin birnin. Injiniyoyin sojan Amurka ne suka gina su a shekarun 1940 don su tare ruwa kada ya afka wa tsakiyar Houston. Jinga ce ta ƙasa, mai tsawon kilomitoci, an lulluɓe ta da ciyawa. Mun hau kanta da ƙafa. Abin mamaki, babu tafki a bayanta. Daji ne da filayen ƙwallo da hanyoyin keke, don a yawancin shekara a bushe suke, sai an yi ruwa su cika. Lokacin da aka gina su, bayansu gonakin shinkafa ne da makiyaya, kuma gwamnati ba ta sayi duk filin da ruwan zai iya kaiwa ba. Da gari ya faɗaɗa, aka yanka ragowar aka gina dubban gidaje. A Harvey ruwan ya cika ya koma baya ya shiga waɗannan gidaje, sannan da aka ji tsoron jingar, aka buɗe ƙofofi, ya gangara rafin Buffalo ya shiga na gaba. A Disamban 2019 wata kotun tarayya ta yanke cewa gwamnati na da alhakin biyan diyya ga na bayan.

Daga kan jingar ina hango rufin gidaje har iyakar ganina. Can yamma kuma, wajen Katy, inda ciyawar fadama ke shan ruwa tun fil azal, manyan motoci na ta share fili ana zuba siminti. Wannan ya dame ni, kuma na faɗa wa yaron. Duk taku ɗaya na fadama da ka rufe, ruwan da zai kwanta a wurin sai ya nemi ɗakin wani. Ya ce yanzu doka ta tilasta wa mai gini ya haƙa tafkin da zai riƙe ruwan filinsa. Na ga tafkunan, suna da kyau, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Shekara ɗaya cif bayan guguwar, ranar 25 ga Agusta 2018, mutanen gundumar suka kaɗa ƙuri'a suka amince a ci bashin dala biliyan 2.5 don aikin ambaliya, su biya da harajinsu.

Ɗaya daga cikin irin wuraren da ake tara ruwa shi ne dandalin Arthur Storey, a bakin rafin Brays, kudu maso yammacin birni. In ba a gaya maka ba, za ka ɗauka wurin shan iska ne kawai. Ƙaton kwari ne da aka haƙa, da tafki a tsakiya da balbelu a gefe. Da safe na ga tsofaffin 'yan Sin suna motsa jiki a hankali kamar masu iyo a iska, ga mata 'yan Indiya da sari suna zagaye, ga wasu samari suna hira da Yarbanci. A nan na fara ganin mutanen gundumar da idona. A lissafin 2020, kusan kashi 43 cikin ɗari 'yan asalin Latin Amurka ne, fararen fata wajen 28, baƙaƙe wajen 19, 'yan Asiya fiye da 7. Babu wanda ya kai rabi.

A titin Bellaire sunayen tituna har da rubutun Sinanci. Ka gangara titin Bissonnet a unguwar Alief kuma sai ka rantse kana Najeriya: ga shagon garin rogo da manja da busasshen kifi, ga masu tsire, ga coci a kowane lungu. Harkar man fetur da karatu da aikin asibiti ne suka jawo 'yan ƙasarmu nan tun shekaru da dama. Hausawa ba su kai sauran yawa ba, amma a wani shagon nama na ji wani yana waya yana cewa "to madalla, sai na zo," na bi shi da sallama, ashe mutumin Damagaram ne. Mun fi rabin awa a tsaye.

Lokacin ana zaɓe, matar yaron ta tafi kaɗa ƙuri'arta tun kafin ranar, na raka ta na jira a waje. Allon ƙofar da harsuna huɗu aka rubuta shi: Ingilishi, Sifaniyanci, Biyetnamanci da Sinanci, kuma takardar ƙuri'ar ma haka take. Cikin abin da aka tambaye su har da ko sun yarda a ci wani bashin dala biliyan 2.5 don asibitocin gunduma, waɗanda ke karɓar marasa inshora, har da gina sabon asibiti a harabar na Lyndon B. Johnson. Da ta fito na tambaye ta me ta zaɓa. Ta ce, "Na ce eh, Kawu. Harajinmu zai ƙaru, amma na san waɗanda ke kwana a layin can." Ranar 7 ga Nuwamba aka ƙirga, masu eh suka yi rinjaye.

A mako na ƙarshe muka nufi gabas, inda arzikin yake da kuma inda wahalar take. Rafin Buffalo ɗin nan da na gani shiru a tsakiyar gari, a nan an yashe shi an faɗaɗa, tun 1914 ya zama hanyar manyan jiragen ruwa mai tsawon kusan kilomita 80 zuwa teku. Gefe da gefe matatun mai ne da masana'antun sinadarai, bututu kan bututu, harshen wuta na ci a saman dogayen bututun hayaƙi da rana tsaka. Daga saman hasumiyar San Jacinto mai tsayin mita 173 na ga jirage na wucewa a jere. A ƙasa kuma, jingine da katangar matatun, ga ƙananan gidajen katako na talakawa, yara na wasa a tsakar gida, iskar na ɗauke da wani wari mai kama maƙogwaro.

A Baytown muka shiga wani wuri da yanzu gandun tsuntsaye ne. Da unguwa ce ta masu hali, sunanta Brownwood. Shekara da shekaru garuruwa da masana'antu suna zuƙo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, lakar da ke ƙasa ta yi ta matsewa, unguwar ta nutse kusan mita uku. Guguwar Alicia ta 1983 ta ƙarasa ta, aka tashi mutanen. Na taka ragowar kwaltar wani titi da ya tafi kai tsaye ya shige cikin ruwa. Tun 1975 aka kafa hukuma ta musamman don taƙaita haƙar ruwan ƙasa, aka koma shan na tafkuna da koguna, kuma nutsewar ta lafa a wannan gefen. Ina tsaye a wurin ina tuna yadda kowane gida a garuruwanmu ke haƙa burtsatse, ba mai ƙirgawa.

Da za mu dawo na ce ya bi da ni ta arewa maso gabas, wajen rafukan Halls da Greens. Nan na ga ramukan da dattijuwar nan ta ɗaga hotonsu: buɗaɗɗun lambatu na ƙasa a gaban gidaje, da ƙananan kwalbatoci rabinsu a cike da yashi. Shekaru da yawa, ma'aunin da ake bi wajen zaɓen inda za a yi babban aiki shi ne darajar dukiyar da za a tsare, don haka unguwar da gidajenta ke da tsada ita ke riga samu. A 2019 Kotun Kwamishinoni ta sauya ma'aunin aikin bashin ambaliya, ta sa a riƙa duba yawan mutanen da abin ke shafa da kuma raunin halinsu. An yi ta jayayya a kai, har yanzu ana yi. Ni dai ina bayan sauyin ɗari bisa ɗari, don mai gidan katako in ruwa ya ci shi, ba shi da wani gidan. Na sauka daga mota na leƙa cikin wani kwalbati. Da shebur biyu da mutum uku, kafin azahar an gama da shi.

Daren da zan tafi aka yi ruwa, irin mai dukan rufi kamar ana zuba tsakuwa. Wajen ƙarfe biyu na fito falo na tarar da yaron zaune cikin duhu, hasken waya a fuskarsa. Taswirar gundumar ce a buɗe, da ɗigo-ɗigo a kan kowane rafi, kowane ɗigo na'ura ce da ke auna tsayin ruwa tana aikowa nan take. Ya nuna mini wanda ke kusa da su, yana kore. Ya ce in ya koma rawaya zai fitar da mota ya kai ta kan tudun makaranta. Na zauna kusa da shi. Titi ya cika har bakin ciyawa, kamar yadda aka tsara shi ya yi, ya riƙe ruwan kafin magudana ta janye. Muka yi shiru muna kallon ɗigon har aka kira asuba a wayarsa, yana nan kore, sannan muka tashi muka yi alwala.